Rahila da Sharar Juma'a

Da wannan damina Malama Rahila ta cika shekara ashirin da ɗaya da barin duniya. Bana ma ban yi niyyar rubuta komai ba, kamar yadda ban rubuta ba bara da bara waccan. Sai ga shi makon jiya na je asibiti awon hawan jini. Na tsaya gaban tagar kati, yarinyar da ke ciki ta danna sunana a kwamfuta, ta zauna tana kallon allo ni kuma ina kallonta. Da shirun ya yi yawa sai ta ce, "Inna, yi hanƙuri, na'urar ce tat tsuhwa, sai an sawo sabuwa." Na tambaye ta yaushe rabon da wani ya zauna ya gyara abin da ke jibge a cikinta. Ta ce ita dai tun da ta kama aiki ba ta taɓa ganin an yi ba. Na karɓi katina na koma benci, kuma tun daga nan Rahila ba ta bar raina ba.

Ina so in ba da labarin aikin da ta riƙe shekara da shekaru a wani asibiti na garin nan, aikin da ba wanda ke ganinsa sai ranar da ba a yi shi ba. Ina so kuma in faɗi abin da ya ci mata, domin shi ne ya tsare ta a Sakkwato lokacin da mahaifiyarta ke bukatarta a gida.

Rahila 'yar ƙasar Filato ce, daga wani ƙauye cikin duwatsu inda ake noman dankalin turawa. Koyar da lissafi ya kawo ta garinmu, ita da mijinta makanike, suka kama haya a Gidan Igwai tun unguwar ba ta cika haka ba. Ni kuwa a Ƙofar Rini aka haife ni, a gidan da ake karatu a zaure tun kakanni, shi ya sa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kirana Hafsatu ba, sai 'yar Malam. A ɗakin kati muka haɗu. Ni ina rubuta sunayen marasa lafiya, ita kuma an ɗauko ta daga aji an tura ta kwas don ta kula da kwamfutar da aka kawo.

Ita kanta kwamfutar tana da nata tarihi. An yi odarta ne zamanin da kuɗin mai ke ambaliya, lokacin da gwamnati ke sayen abu kafin ta tambayi wanda zai yi aiki da shi. Ta daɗe a cikin akwatunan katako tana jiran a gina mata ɗaki mai sanyi. Kafin a gama ɗakin, soja sun sake dawowa, an ɗaure bakin jaka, kowa ya ja ɗamara. Wato mun samu na'urar zamanin wadata a zamanin tsuke ciki. In ta lalace babu mai sayo wata, kuma kowa ya san da haka.

Da farko abin kamar sihiri. Mutum ya faɗi sunansa, kafin ya gyara hularsa an gano lambar katinsa. Mutanen Kwalkwalawa da ke zuwa da sassafe suna komawa gona kafin rana ta take. Amma bayan an ci shekara sai muka lura ta fara nawa. Ba a rana ɗaya ba, a hankali ne, yadda ba ka iya nuna ranar da abin ya soma. Yau ka jira kaɗan, wata mai zuwa ka samu damar gaisawa da na kusa da kai, can gaba har ka tambayi lafiyar iyalinsa. Malam Altine, wanda shi ne babba a ɗakin kati, ya ce zafin Sakkwato ne ya shige ta, tun da an ƙera ta ne don ƙasar sanyi.

Rahila ta ce ba zafi ba ne, mu ne. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Wannan na'ura, in ji ta, ba ta zubar da komai da kanta. In ka gyara suna ko ka soke shi, alama kawai take ɗora masa ta bar shi inda yake, kuma duk lokacin da aka aike ta neman wani sai ta ratsa ta kan waɗannan duka. Ga kuma halinmu. Mutum ya ɓatar da katinsa, kunya ta hana shi faɗa, sai ya yanki sabo. Yau shi ne Muhammadu, gobe Mamman. Mace ta zo, a tambaye ta sunan mijinta ta sunkuyar da kai, 'yar rakiya ta faɗi laƙabin da ta sani, wani zuwan kuma wata 'yar rakiyar ta faɗi wani. Garin da rabinsa Bello ne rabi Abubakar, sai ka tarar da mutum ɗaya ya zama huɗu a cikin na'ura. Sannan akwai jerin da take bi ta gano inda kowane suna yake, wanda kullum ake yi masa ƙari a gefe har ya hargitse. Da ta zo nan na ce ai fihirisa take nufi, irin wadda ke ƙarshen littattafan Malam mahaifina. Ta ji daɗin kalmar ƙwarai, ta riƙe ta har ƙarshen aikinta.

Maganin da ta fito da shi ita ce ta raɗa masa suna shara. Kowace Juma'a, da maza sun fara kama hanyar masallaci, taga ta yi shiru, sai ta rufe na'urar ga kowa. Ta fara kwafe komai a faifan ajiya saboda tsaro. Ta haɗe sunayen da suka maimaitu. Ta kwashe na waɗanda suka rasu ta mayar da su wani faifai dabam. Sannan ta umarci na'urar ta zubar da abin da aka soke, ta matse guraben da suka rage, ta sake gina fihirisa daga fari. Ni da ba na zuwa masallacin Juma'a sai in zauna in taya ta hira. Ba zan ɓoye ba, sanyin ɗakin ne ya fara jawo ni, domin a bazarar Sakkwato ko gidan gwamna bai kai ɗakin nan daɗi ba. Takan zo da dafaffiyar gyaɗa, ni in zo da fura, muna ci na'urar tana ta gurnani. Ina yi mata dariyar Hausarta, tana yi mini dariyar yadda nake tsoron madannai kamar za su cije ni. Ranar Asabar da safe sai ka ga na'ura ta dawo garau, ba wanda ke tambayar dalili.

Cikin duk matakan nan, ɗaya ne ya zama mata ƙarfen ƙafa, wato kwashe sunayen mamata. Aikin ba wuya gare shi ba. Takardun rasuwa na zuwa daga ɗakunan jinya, ka nemo sunan, ka tabbatar shi ne, ka danna, ya fita daga cikin masu rai. Amma duk ma'aikatan ɗakin kati 'yan gari ne. Sunan da ya fito a allo, in ba maƙwabcinka ba ne to surukin yayanka ne, ko malamin da ya koya maka alwala. Babu wanda hannunsa ke iya kaiwa. Ba wanda ya ce haramun ne, ba wanda ya kafa doka, kawai dai kowa kan sami abin yi a waje idan an zo wurin. Sai muka bar wa Rahila, a kan cewa ita baƙuwa ce, sunayen ba za su yi mata nauyi ba. Ban ga laifinmu ba har yau, haka muka tashi da jin nauyin mamaci. Sai dai sakamakon shi ne duk asibitin nan babu mai iya shara daga farko har ƙarshe sai mace ɗaya.

Mun ga abin da hakan ke nufi shekarar da zazzaɓin taifot ya kwantar da ita sama da wata guda, daidai lokacin da ake fama da amai da gudawa a gari. Sababbin sunaye na ta kwarara, takardun rasuwa na ta taruwa, babu mai shara. Na'ura ta koma tafiyar hawainiya. Layi ya fita daga baranda ya kai bakin ƙofa, mata da goyo a tsakar rana. Ana cikin haka wani hafsan soja ya zo duba aiki, da 'yar sandarsa a hammata. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi wa ke kula da na'urar, aka ce tana kwance. Ya ce a gaya mata ya san ba 'yar jiha ba ce, aikinta na kwantiragi ne, kuma kwantiragi ana sabunta shi ne ga wanda aka ga amfaninsa. Ta dawo tana jan ƙafa, ta gyara ɓarnar. Tun daga nan ba ta ƙara yarda ta yi nisa da garin nan ba sai makon Kirsimeti. Tsoron rasa aiki na ciki, amma na fi zaton layin nan da aka ba ta labari ne ya tsaya mata a rai.

To ana nan sai saƙo ya fara zuwa daga gida. Wani direba ɗan ƙauyensu da ke kawo dankali kasuwa shi ke isar da shi. Mama ta bar tukunya a kan wuta ta tafi gona. Mama ta kira jikanta da sunan ƙanenta da ya daɗe da mutuwa. Mama ta fita ɗibar ruwa ta kasa gane hanyar gida. Jikinta lafiya lau, tana cin abinci, tana zuwa coci, kanta ne ke tafiya kaɗan-kaɗan. Rahila ta so ta je ta zauna da ita wata biyu ko uku tun da sauran lokaci. Hutunta ya taru, ba wanda zai hana ta takarda. Abin da ta rasa shi ne wanda za ta bar wa Juma'a.

Ta tara mu a ɗakin kati ta roƙi mutum ɗaya ya koya. Ta ce ba shafe sunan ake yi ba, gusar da shi ake yi zuwa wani faifai, yana nan duk ranar da aka neme shi. Kowa ya gyaɗa kai. Malam Altine, mutumin kirki da ba ya iya ƙarya, shi ya faɗi abin da ke ran kowa. Ya ce, "Malama, ki yi muna afuwa. Wanda kika son in cire, da ni anka kai shi makwanci shekaranjiya. In zo nan in danna abu shi ɓace? Wallahi hannuna bai iyawa." Ba ta yi fushi ba. Ta ce ta gane, ta tattara takardunta ta koma ɗakin sanyi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Yanzu na'urar da ta fi tamu ƙarfi nesa ba kusa ba tana cikin jakar kowace mace, kuma cutar ba ta canja ba. Waya ta cika da hotunan biki da saƙonnin barka da Juma'a na shekara biyar, ta fara nawa, sai a ce ta tsufa, a nufi kasuwa. Ofisoshi ma haka. Da an ji rumbun bayanai ya fara jan jiki sai a rubuta takardar neman sabo, a yi taron ƙaddamarwa, a yanka kirtani, a kwashe tsohon tarkace a zuba a sabon gida, bayan shekara biyu a koma gidan jiya. Sayen sabo yana da hoto a jarida, shara kuwa ba ta da shi. Na san ba za ta yi wa kowa faɗa ba, ba halinta ba ne. Za ta tambaya ne kawai wace rana aka keɓe wa gyara, da kuma mutum nawa ne suka iya shi. Tambaya ta biyun ta fi ci mata rai, don ta san abin da take nufi.

Ni abin ya dame ni har na kai maganar gida. Na sami Malam a zaure bayan ɗalibai sun tashi, na durƙusa na zayyana masa komai. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, "In kun cire sunan, ina ku ka kai shi?" Na ce wani faifai ne da ake ajiyewa a kabad. Ya nuna mini saman taska inda tsofaffin littattafan kakana suke a naɗe cikin gafaka. Ya ce, "Waɗancan da ba mu buɗewa kullum, raina su munka yi? Ɗiyata, rubutun da mamaci ka bukata ba shi cikin na'urarku. Ki yi mai addu'a, ki danna, ki bar baiwar Allah ta tai ta ga uwatta."

Washegari na gaya wa Rahila zan koya. Ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Sai dai aikin da ba a yi sai sau ɗaya a mako ba ya koyuwa da sauri, kuma kuskure ɗaya na iya ɓatar da katin rabin gari. Ta sa na kalla, ta sa na yi tana tsaye a kaina, ta sa na yi tana zaune a baranda. Wata Juma'ar a ɗauke wuta a tsakiyar aiki mu koma farko, wata Juma'ar ɗana ba lafiya in kasa zuwa. Muka fara lokacin sanyi, ba ta amince ta sake mini ba sai da damina ta kusa ɗaukewa. Duk wannan lokaci direban dankali na zuwa yana komawa, labarin da yake kawowa kuma sai ƙara gajarta yake.

Juma'ar farko da na zauna ni kaɗai bayan tafiyarta, suna na uku da ya fito a allo na matar da ke yi mini kitso ne tun ina yarinya. Na daɗe ina kallonsa. Na yi mata addu'a kamar yadda Malam ya ce, na danna, allo ya wuce zuwa na gaba. Na yi kuka a ɗakin nan ba sau ɗaya ba. A nan ne kuma na tuna cewa Rahila ma takan ɗan dakata a kan wasu sunaye, leɓenta na motsi, ni kuwa a da ina ɗauka lamba take karantawa. Matar da ta shekara goma tana zuwa gidajen suna da gidajen gaisuwa a garin nan, yaya za a ce ba ta san mutane ba? Na riƙe aikin dai, layi bai fita baranda ba ko sau ɗaya.

Ta dawo bayan wata biyu, ta rame. Na bari sai Juma'a, muna zaune na'ura na gina fihirisa, na gama yi mata fankamar yadda na riƙe amana, sannan na tambaye ta jikin Mama.

Ta ce da ta isa, Mama na zaune a gindin bishiya tana ɓarar wake. Ta tashi da fara'a ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa, ta tambaye ta da yarensu daga ina baƙuwa take. Rahila ta ce daga Sakkwato. Sai fuskar tsohuwa ta haskaka. Ta ce, "Ina da 'ya a can, babbar ma'aikaciya ce. In kin koma ki gaishe ta. Ki ce mata kada ta damu da zuwa, na san aiki ya yi mata yawa." Wata biyu tana yi mata wanka, tana dafa mata abinci, suna kwana ɗaki ɗaya, kullum da safe sai an sake tambayarta daga ina. Ranar da za ta taho, Mama ta ƙulla mata wake a leda ta ce ta kai wa 'yarta.

Na kama hannunta muka zauna har na'ura ta gama. Ba ta ɗora wa kowa laifi ba, a ranar ko bayanta. Ciwon ma ba irin wanda zuwanta zai hana ba ne. Amma da ta je tun saƙon farko, da ta sami uwar da za ta kira sunanta, kuma mu duka biyun mun san da haka.

Yau idan na auna abin da ya rage nata, ba shi da yawa a ido. An kwashe na'urar tun tuni, ɗakin sanyi ya zama ma'ajiyar kujeru, faya-fayan da muka yi ta tattali ban san inda suka ƙare ba. Babu allo mai sunanta a bango. Dubban mutanen da suka sami katinsu cikin lokaci suka ga likita kafin ciwo ya yi nisa ba su taɓa jin labarinta ba, kuma ba ta so su ji. Abin da na san ya rage shi ne doka ɗaya da ta kafa bayan dawowarta, cewa ba a ƙara barin shara a hannun mutum ɗaya ba. Kafin shekara ta zagayo mu huɗu ne muka iya, har da Malam Altine, wanda yakan yi alwala kafin ya zauna. Ni ma duk inda na yi aiki bayan nan da dokar na tafi.

Sauran abin da ya rage a wurina yake, kuma shi ne abin da ta yi da 'yancin da ta samu a makare. Tun da akwai masu riƙe mata Juma'a, duk ƙarshen wata sai ta hau mota, tafiyar wuni cur da ɗoriya a kan hanyar da ta lalace, ta je ƙauye ta kwana biyu ta dawo. Shekara uku tana haka har Mama ta rasu. Kowane zuwa a shimfiɗa mata tabarmar baƙi, kowace dawowa ta taho da gaisuwa zuwa ga kanta. Wata rana na ga ta sauko daga mota ƙafafunta a kumbure, tausayi ya kama ni, na ce, "Yaya Rahila, wannan wahala har yaushe? Tun da ba ta san ki ba, ko kin je ko ba ki je ba ai duk ɗaya ne a wurinta."

Ta sauke jakarta ta dube ni. Ta ce, "'Yar Malam, ita ce ba ta san ni ba. Ni ai na san ta."